Sai Mun Ji Daga Shugabarki

Shafi na 23

Masu yi min faɗa a ƙasan shafin jiya, na gani, na kuma karanta duka. Wata ta ce in ita ce ni da tuni ta bi 'yarta ko da ƙafa ne. 'Yar'uwa, tsakanin Hull da Bergen teku ne, kuma ko kin iya iyo, kina fitowa takardar aiki za a tambaye ki.

Ga waɗanda suka shigo yau: ni ce Tamsin, malamar kemistiri. 'Yata Linnea tana Norway wurin ubanta, don da aurenmu ya mutu kotu cewa ta yi yarinya ta zauna inda ta taso. Ni kuwa ba aiki, ba wurin zama, dole na dawo gida Ingila. Tun lokacin nake neman koyarwa a makarantun 'yan ƙasashen waje da ke can, ko zan koma kusa da ita.

Ranar Litinin, lokacin shan shayi, na miƙa wa Moira wayata a ɗakin malamai.

Moira ta daɗe tana koyarwa a waje, daga Kuwait har Jakarta, kafin ciwon gwiwa da tsufan mahaifiyarta su dawo da ita. Duk wanda ke son fita a makarantarmu, ita yake kai wa saƙon masu ɗaukar aiki ta fassara masa, kamar yadda ake kai mafarki.

"Biyu ne," na ce. "Ɗaya mai daɗi, ɗaya mai ɗaci. Fara da mai daɗin."

Ta sauko da tabarau kan hanci, ta tsoma biskit a shayi.

Saƙon Dominic ne, dillalin aikin da ke haɗa ni da makarantun, a kan wata makaranta a Stavanger. Dogo ne har sai an ja shi da yatsa. Wai sun ji daɗin hira da ni ƙwarai. Wai darasin gwajin da na yi ya burge su. Wai irina kowace makaranta take fata, za su ajiye takarduna kusa, in wata dama ta taso ni za su fara tunawa.

"Sau nawa kika karanta wannan?" in ji Moira.

"Ban ƙirga ba."

"Kin dai haddace shi."

"Sun ce ni za su fara tunawa."

"Haka ake cewa a wurin jana'iza."

Na jawo kofin shayina gabana.

"Ki ji ni da kyau, ƙawata. In mai ɗaukar aiki yana son ki, ba shi da lokacin yabonki. Tambaya yake yi. Yaushe za ki iya farawa? Fasfonki na da rai? Ke kaɗai ce ko da iyali? Duk saƙon da ya yi tsawo haka, ba tambaya ko ɗaya a ciki, sallama ce aka naɗe a ƙyalle mai kyau."

"To ai sun ce za su ajiye takarduna."

"Nawa ma an ajiye su a Singafo tun ina da ƙugu. Har yau ina jira."

Na so in yi dariya, ta ƙi fitowa. Tun Juma'a nake rungume da saƙon nan. Har na duba jirgin ruwan da ke tashi daga Stavanger zuwa Bergen, na gama tsara yadda zan riƙa zuwa duk ƙarshen mako in ɗauko Linnea daga wasan ƙwallon hannu.

"Kawo mai ɗacin," ta ce.

Wannan daga shugabar wata makaranta ce a gefen Bergen ɗin kanta, Ingunn Haugland. Malaminsu ya tafi ba shiri a tsakiyar shekarar karatu, suna neman wanda zai fara farkon Maris. Daga ƙofar makarantar zuwa gidan da Linnea take kwana, tafiyar bas ɗaya ce. Ita na fi so, ita na fi tsoro.

Ga duk abin da matar ta rubuto:

"Mun yi magana da shugabarki. Akwai tambaya ɗaya. Ki kira ni zuwa Litinin."

Moira ta ajiye biskit ɗin.

"Wannan kika kira mai ɗaci?"

"Ko gaisuwa babu. Ko na gode da lokacinki babu."

"Yaushe ya zo?"

"Juma'a."

"Kin kira?"

Na girgiza kai.

"Tamsin. Yau ce fa Litinin."

"In kira in ji me? In ji ta ce a'a da bakinta?"

"Ke da kika auri ɗan Norway, kika zauna da su, kika haihu a cikinsu, har yau da kunnen 'yan Ingila kike sauraronsu? Mu ne muke shafa wa mutum zuma kafin mu tura shi rami. Su in a'a ce, a'a suke rubutawa, su tafi hawan dutsensu. Matar da ta ce ki kira ta, tana da abin yi da ke."

"Haka Torstein ya rubuto min," na ce. "Ranar da ya ce mu rabu. Akwai magana, mu haɗu da yamma. Shi ke nan."

Moira ta cire tabarau. Ba ta ƙara zolayata ba.

Bari in gaya muku abin da ban gaya mata ba. Ranar Lahadi mun yi waya da Linnea ta bidiyo, kamar kullum. Haƙorinta na gefe ya fita, ban san ma yana girgiɗi ba. An yi mata kitso biyu, kakarta ce ta yi, ta ja shi ya yi tsauri a goshi yadda ba ta so, amma ba ta gaya wa kowa ba sai ni. Tana cikin ba ni labarin wata ƙawarta sai kalmar Turancin ta ɓace mata. Ta tsaya tana kallon sama, tana nema. Can ta juya ta tambayi babanta, ya faɗa mata daga kicin.

Yarinyar da ni na koya mata magana.

Kafin mu yi sallama ta matso da fuska har hancinta ya cika wayar.

"Mama, bana ni zan riƙe tutar ajinmu a faretin yara na watan Mayu. Za ki zo ki tsaya a gefen hanya? Ki tsaya kusa da shagon burodi, nan ake ganin kowa."

Na ce zan yi ƙoƙari.

"Ƙoƙari kika ce bara."

Ba da fushi ta faɗa ba. Da ta yi fushi da ya fi min sauƙi. Faɗa kawai ta yi kamar mai tuna min na manta lema. Da aka kashe wayar na zauna a ƙasan kicin ina kewarta har cikin ƙashina, ina kewar warin kanta in ta fito daga wanka.

Moira ta sake ɗaukar wayar, ta karanta saƙon a hankali.

"Mun yi magana da shugabarki," ta maimaita. "Su na Stavanger, yaushe suka fara sanyi?"

"Ba su yi sanyi ba. Bayan hira ta biyu har hoton gidajen malamai suka turo min."

"Daga nan fa?"

"Dominic ya ce saura su ji daga shugabata."

"Sai kuma?"

Na tsaya. Daga nan aka yi shiru, sai wannan dogon saƙo.

"A'a," na ce. "Misis Ollerton ta nuna min takardar shaidar da ta rubuta. Da idona na karanta. Har hawaye na yi."

"Takarda." Moira ta taɓe baki. "Takarda ado ce, kowa ana rubuta masa mai kyau. Aikin a waya ake yin sa. Shugaba ta kira shugaba, a rufe ƙofa, ke ba kya nan. Nan ake ɗaukar mutum, nan ake binne shi."

"Ba za ta yi min haka ba."

"Ban ce ta yi ba. Cewa na yi ki je ki tambaya, kafin ki kira Bergen kina lalube a duhu."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ba ni da aji a wannan awar. Na bar shayina a kan tebur na nufi ofishin shugaba.

Misis Ollerton ita ta ɗauke ni aiki lokacin da na dawo daga Norway da akwati biyu, ba na iya haɗa ido da kowa. A makon farko ta same ni ina kuka a ɗakin ajiye kayan gwaji. Ba ta tambaye ni komai ba, ta sa wani ya riƙe min aji, ta kai ni gida a motarta. Tun daga ranar nake mata kallon uwa.

Na ƙwanƙwasa.

"Shigo, 'yar nan. Zauna. Kin rame fa."

Ban zauna ba.

"Misis Ollerton, makarantar Bergen sun kira ki?"

"Sun kira."

"Na Stavanger fa?"

"Su ma."

"Me kika ce musu?"

Ta rufe alƙalaminta, ta ajiye shi daidai da gefen tebur.

"Na ce ke ce malamar kemistiri mafi kyau da na taɓa ɗauka. Na ce yara suna son ki, iyaye suna son ki. Ba kalma ɗaya mara kyau da ta fito daga bakina a kanki."

"Sai me?"

"Tamsin, zauna mana."

"Sai me kuma kika ce?"

Ta kalli taga. Ruwa ake yi, irin wanda ba ya ƙarfi ba ya tsayawa.

"Sun tambaya ko zan sake ki a watan Maris. Na ce a'a. Sai ƙarshen shekarar karatu."

Na zauna, ba don ta ce ba.

"Kin ce min za ki taimake ni."

"Na ce zan rubuta miki shaida, na kuma rubuta."

"Kin rungume ni a nan, a ofishin nan. Kin ce in je in samo 'yata."

"Na ce. Ban ce ki tafi ana saura wata biyu jarrabawa ba. Ke ma kin san ƙa'ida. Lokacin ba da sanarwar barin aiki a wannan zangon ya wuce. In ba ni na sa hannu ba, ba inda za ki."

"To me ya sa ba ki gaya min ba? Kin bar ni ina zuwa hira, ina shirya darasin gwaji, ina sayen riga. Kina ganina a baranda kina tambayata ya ake ciki."

"Don na san in na gaya miki za ki roƙe ni."

"Sai me in na roƙe ki?"

"Sai in kasa ce miki a'a."

Ta gyara zama, ta dawo da muryar shugaba.

"Ajin ƙarshe naki ne, Tamsin. Kemistiri za su rubuta a watan Mayu, da shi za su shiga jami'a ko su rasa. Tun kaka nake tallar gurbin malamin kimiyya. Kin san su wa suka nema? Mutum ɗaya, shi ma da ya ga unguwar bai dawo ba. In kin tafi, malamin motsa jiki zan sa ya riƙa raba musu takardu. Yaran nan ba su da iyayen da za su ɗauko musu malami a gida."

"Ni ma ina da yarinya."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Jiya ta manta kalma a yaren uwarta, ubanta ne ya tuna mata. Kina so in jira har ta manta sauran?"

"Ƙarshen shekara ba nisa."

"Gurbin ne ba zai jira ƙarshen shekara ba. Makaranta ɗaya ce a garin da za ta iya ɗaukata. Malamin kemistiri ɗaya suke buƙata. Wanda ya shiga yanzu, sai ya tsufa a can."

Ba ta musa ba. Ta fi ni sanin haka.

"Ina roƙonki yanzu," na ce. "Ga shi na zo, na roƙa. Ki sake ni."

Ta daɗe tana kallona. Idonta ya yi ja.

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba, ko ba za ki yi ba?"

"Ba zan yi ba. Ki tsane ni in kina so. Gara ke ɗaya ki tsane ni."

Na tashi. Ina riƙe da hannun ƙofa ta sake magana.

"Matar Bergen ɗin ba ta yi sallama yadda na Stavanger suka yi ba. Da na ce a'a, cewa ta yi, to zan tambayi ita malamar. Ban san me take nufi ba."

Na fito, na ja ƙofar.

Moira tana baranda, ta jingina da bango tana yi kamar allon sanarwa take karantawa. Da ta ga fuskata ba ta tambayi komai ba. Na gaya mata a taƙaice.

"Tsohuwar nan," ta ce, ta sauke numfashi. "Ba ta kyauta ba. Amma ba ƙarya ta yi ba."

"Ke ma bayanta kike?"

"Ni bayan gwiwata nake, ita kaɗai ke damuna. Ki saurara. Na san tambayar da matar can za ta yi miki."

"Ni ma na sani."

"Kin san tambayar, ba ki san tarkon ba. Shugabannin makarantun waje duk sun san juna, taro ɗaya suke zuwa, otal ɗaya suke sauka. Malamin da ya karya kwantiragi, sunansa yana riga shi isa ko'ina. Wasu shugabannin in suka tambaye ki za ki bar aikinki ki zo, da gaske suke, a matse suke, so suke ki ce eh."

"Wasu fa?"

"Wasu gwada ki suke. In kin ce eh, sai su ce wadda ta bar yaran wasu za ta bar namu. Su yi miki godiya su kashe waya."

"Ita wace iri ce?"

"Da 'yar Ingila ce da na gaya miki tun daga gaisuwarta. Wannan kam ban iya karanta ta ba."

"Ke ce fa mai fassara."

"Yau mai fassarar ta gaza. Je ki kira, rana na tafiya."

Na shiga ƙaramin ɗakin da muke haɗa kayan gwaji, na rufe ƙofa. Akwai gilashi tsakaninsa da ajina. Na tsaya tsakanin kwalabe, na danna lambar.

Ƙara biyu ta ɗauka.

"Ingunn ce."

"Barka da rana, Tamsin ce, daga Hull. Ina fata ban kira a lokacin da bai dace ba, na san kina da ayyuka, kuma ina neman afuwa da ban..."

"Kin yi jinkiri."

"Na yi. Na ɗauka..."

"Kin ɗauka me?"

"Ba komai."

"To. Shugabarki tana yabonki ƙwarai. Mu ma darasinki ya fi na kowa. Amma ta ce ba za ta sake ki ba sai ƙarshen shekara. Kin san da haka?"

"Yau na sani."

"Ba za mu iya jira ba. Akwai wani malami da ke shirye, na ce masa zai ji daga gare ni yau."

Muryarta a miƙe take, ba hawa ba sauka. Na kasa kunne ina neman ko ɗan wani abu, ko murmushi, ko gajiya, ko tausayi. Ban samu komai ba.

Ta gilashin na ga 'yan ajin ƙarshe sun fara shigowa. Suna zare riguna masu ruwa, suna jan kujeru, suna fito da tsofaffin takardun jarrabawar da na ce su gwada a gida. Na gaba suka hango ni suka ɗaga min hannu. Na ɗaga musu.

"Na san kina da yarinya a nan," in ji Ingunn. "Kin faɗa a hira. Ba shi nake tambaya ba."

"Na gane."

"Tambayata ita ce, za ki bar su ki zo farkon Maris, ko ba da izinin shugabarki ba?"

Na ƙara manna wayar a kunne.

"Zan iya tambayarki wani abu?"

"Tambayi."

"Wace amsa kike so ki ji?"

"Taki. Ba zan taya ki ba."

"Ki ba ni zuwa gobe."

"Na ba ki tun Juma'a."

A aji an gama zama. Duk sun juyo suna kallon gilashin, suna jira in fito. Na juya musu baya, na jingina goshina da katakon kwalabe, na rufe ido. Linnea nake gani.

"Tamsin," ta ce. "Ina jin numfashinki. Eh ko a'a?"